Yadda Sanyin Dare Ke Ɓata Saitin Madubin Hangen Nesa

A daren nan ina yi muku magana ne daga wata unguwa da a ke kira Kampung Baru, a tsakiyar Kuala Lumpur, babban birnin ƙasar Malesiya. Ma'anar sunan da harshen mutanen ƙasar ita ce Sabon Ƙauye, ko da ya ke sabuntar tasa ta daɗe da tsufa, gama tun cikin 1900 aka keɓe wurin domin manoma 'yan ƙabilar Malay su zauna. Har yanzu akwai gidajen katako bisa dirkoki, da rufin kwano, da ayaba da kwakwa a tsakar gida. Amma in ka ɗaga kai sai ka ga dogayen benaye sun kewaye unguwar, har da tagwayen hasumiyoyin nan na Petronas masu tsawon mita 452, waɗanda aka gama ginawa cikin 1998. A nan ne wani abu ya faru a gabana wanda ya zama asalin hirarmu ta yau.

Akwai wani dattijo maƙwabcina, tsohon malamin makaranta, wanda tun da ya ajiye aiki ba shi da abin sha'awa kamar ɗaukar hoton wata da taurari. Yana da madubin hangen nesa mai faɗin inci 8, tsawon bututunsa kuwa kamar mita guda. Ran nan bayan magariba ya fito da shi tsakar gida, ya ɗaura masa kyamara, ya auna wata, ya yi ta murɗa wata 'yar ƙusa har hoto ya fito tangaran. Duwatsun wata da ramukansa ga su nan, kai ka ce ka miƙa hannu ka taɓa. Ya bar kyamarar tana ta ɗauka da kanta, muka tafi sallar lisha, muka tsaya shan shayi. Da muka komo bayan kamar awa biyu, sai muka tarar hotunan baya-bayan nan duk sun yi dishi-dishi, kamar an ɗauke su cikin hazo.

Na ce, "Malam, lalle yara sun taɓa shi."

Ya yi murmushi, ya nuna rufin ɗakinsa, ya ce, "Ɗana, yi shiru ka saurara."

Na kasa kunne, sai na ji kwanon rufin yana ƙas, ƙas, jifa-jifa. Ya ce, "To, abin da ke taɓa kwanon nan shi ne ya taɓa madubina."

Kowa a cikinku ya san wannan ƙara. Kwano ne da ya sha rana ya ke hucewa, yana tsukewa, yana goga jikin ƙusoshi. Amma kafin mu ga yadda wannan ya shafi hoton wata, sai mu fara sanin yadda madubin hangen nesa ya ke aiki.

Wataƙila kun taɓa ganin yara sun sami gilashin tabarau mai tudu, sun tara hasken rana da shi a kan takarda. Su kan yi ta ɗaga gilashin suna saukarwa, har hasken ya tattaru wuri guda ya zama ɗan ɗigo, sa'an nan takarda ta kama hayaƙi. In an matsa kusa kaɗan, ko an ja baya kaɗan, sai ɗigon ya baje, ba ya ƙona kome. Wannan wuri da haske ya ke tattaruwa shi za mu kira mahaɗar haske. Madubin hangen nesa aikinsa ke nan, ya tattara hasken tauraro ya kai shi mahaɗa. Waɗansu da gilashi mai tudu su ke yi, a bakin bututu, irin wanda Galileo ya ƙera a Italiya cikin 1609. Waɗansu kuwa da madubi mai zurfi kamar tasa, a gindin bututu, irin wanda Isaac Newton ya ƙera a Ingila cikin 1668. Na maƙwabcina irin na Newton ne. Ko wanne iri ne, tilas farantin da ke karɓar hoto cikin kyamara ya zauna daidai a kan mahaɗar nan. Daidaita shi a wurin shi ne saiti.

Mai leƙawa da ido ba safai ya kan damu ba, domin Allah ya yi idon mutum da iya gyara kansa. In saiti ya ɗan goce, ido ya kan cike giɓin, mai ido bai ma sani ba. Kyamara ba ta da wannan baiwa. Inda aka ajiye ta nan za ta tsaya. Ga shi kuwa hoton taurari ba ya ɗaukuwa da ƙiftawar ido, saboda haskensu ba shi da ƙarfi. Sa'ad da Henry Draper na Amurka ya fara ɗaukar hoton gajimaren taurari na Orion cikin 1880, sai da ya bar kyamara a buɗe minti 51. Masu yin aikin a yau su kan kwana suna ɗauka, hoto bayan hoto, sa'an nan su haɗa su duka a kwamfuta su zama guda. In saiti ya goce da tsakar dare ba a lura ba, wahalar rabin dare ta tafi a banza.

To, ina iyakar gocewar da za a iya yafewa? A madubi irin na maƙwabcina, wanda tsawonsa ya ninka faɗinsa sau 5, filin da kyamara za ta zauna hoto ya fito sosai bai wuce kashi 60 cikin 1000 na milimita ba. Watau kamar kaurin silin gashi ɗaya ke nan. Da tsawon ya ninka faɗin sau 10 ne, da filin ya ƙaru har ninki huɗu. Amma masu ɗaukar hoto sun fi son gajeren madubi mai faɗi, don ya fi saurin tara haske, saboda haka su ne su ka fi shan wannan wahala.

Yanzu sai mu koma ga kwanon rufi. Kusan kowane abu in ya yi zafi ya kan buɗe, in ya huce ya tsuke. Maƙera sun san haka tun kaka da kakanni, shi ya sa su kan gasa zoben ƙarfe kafin su zura shi a ƙota, in ya huce ya kama gam. Shi ya sa kuma a kan bar 'yar tazara a mahaɗin ƙarafan hanyar jirgin ƙasa, kuma wayoyin lantarki su kan yi lanƙwasa da bazara su miƙe da hunturu. Masana sun auna abin. Sandar alminiyam mai tsawon mita guda, in zafi ya sauka da digiri 1 a ma'aunin Salshiyas, ta kan rage tsawo da kashi 23 cikin 1000 na milimita. Baƙin ƙarfe kuwa kamar kashi 12. Galibin bututun madubai da ɗayan biyun nan a ke yin su.

Ku yi lissafin tare da ni. Filin saiti kashi 60 ne. In ka ajiye kyamara a tsakiyarsa, kana da kashi 30 gaba, kashi 30 baya. Bututun alminiyam yana cin kashi 23 a kowane digiri. Ashe ke nan kafin zafi ya sauka da digiri ɗaya da rabi ka fita daga fili. A daren da na ba ku labari, ma'aunin zafin da ke rataye a barandar malamin ya sauka da digiri 3 kafin mu komo. Ba wanda ya taɓa madubin, amma bututun ya gajarta da silin gashi guda, wannan kuwa ya isa.

Kuala Lumpur ma da sauƙi. Garin yana kusa da layin da ya raba duniya biyu, iskarsa kuma cike ta ke da laima, laima kuwa kamar bargo ta ke, tana hana zafin ƙasa tserewa sama. Da rana zafi ya kan kai wajen digiri 33, da asuba ya sauka wajen 24, haka kusan duk shekara. A Kano kuwa cikin watan Janairu, sa'ad da iskar hunturu ta bushe ƙayau, ya kan kai wajen 30 da rana, ya faɗo wajen 13 da asuba. Tazarar digiri 17 ke nan, kusan ninki biyu na ta nan. Bututun da ya sha wannan sauyi zai gajarta da kusan kashi 4 cikin 10 na milimita, silin gashi shida ko fiye. Don haka duk wanda zai yi wannan aiki a Kano, ko Katsina, ko Maraɗi, ya sani aikinsa ya fi na maƙwabcina wuya.

Bayan bututu, shi kansa gilashin yana da nasa hali. Gilashi mai kauri ba ya hucewa gaba ɗaya. Kamar kunu ya ke a ƙwarya, gefe ya huce, tsakiya na nan da zafi. Muddin gefe da tsakiya ba su daidaita ba, siffar madubin ta kan ɗan karkace, hasken ba ya haɗuwa wuri guda ko yaya ka murɗa ƙusa. Har wa yau, madubi mai ɗumi ya kan ɗumama iskar da ke bisa fuskarsa, ta riƙa tashi tana rawa cikin bututu, irin kawalwalniyar da a ke gani bisa kwalta da tsakar rana. Sai ka ga tauraro yana ta makyarkyata.

Wannan ya taɓa tsorata manyan masana. A farkon watan Nuwamba 1917 aka gama haɗa wani madubi mai faɗin inci 100 a bisa Dutsen Wilson a Kalifoniya ta Amurka, wanda a lokacin babu kamarsa a duniya. Gilashinsa kaɗai ya fi ton 4 nauyi, daga Faransa aka kawo shi, an kuwa yi shekaru ana goge shi. Daren farko George Hale, wanda ya jagoranci aikin, da abokansa su ka auna shi ga tauraron Mushtari. Maimakon tauraro guda, sai su ka ga hotuna da yawa sun hau kan juna. Hankalinsu ya tashi, don in aibin a jikin gilashin ya ke, dukiya da shekaru sun salwanta. Amma an ce ma'aikata sun bar rufin ɗakin a buɗe da rana, gilashin ya sha zafi. Su ka daure su ka tafi su ka kwanta. Wajen ƙarfe 3 na dare su ka komo, su ka auna wani tauraro mai haske, sai ga shi ɗigo guda, tsaf. Gilashin hucewa kurum ya ke bukata. Da wannan madubi ne Edwin Hubble ya gano cikin 1929 cewa tarin taurari masu nisa suna ta ƙara nisanta daga gare mu.

To, mene ne magani? Na farko shi ne haƙuri, ba ya kuwa cin ko kwabo. A fitar da madubi waje, cikin inuwa, awa ɗaya ko biyu kafin a fara aiki, don zafinsa ya daidaita da na iska. Waɗansu su kan ɗaura 'yar fanka a bayan gilashin don ya yi saurin hucewa. A nan Kuala Lumpur akwai wani tarko kuma. Mutum ya kan fito da madubi daga ɗaki mai na'urar sanyaya iska zuwa cikin ɗumi da laimar waje, nan da nan sai raɓa ta rufe gilashin, kamar yadda kwalbar ruwan sanyi ta kan yi gumi. Shi ma maganinsa a bar shi a rufe har ya ɗauki ɗumin waje.

Na biyu, a ƙera madubi da abin da zafi bai cika motsa shi ba. Cikin 1896 wani masani mutumin Suwizalan mai aiki a Faransa, Charles Guillaume, ya gano cewa in an narka baƙin ƙarfe kashi 64 da ƙarfen nikel kashi 36, a kan sami wani ƙarfe wanda buɗewarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na ta alminiyam ba. Aka sa masa suna Invar, aka kuma ba Guillaume lambar Nobel cikin 1920. A wajen gilashi kuwa, babban madubin Dutsen Palomar mai inci 200, wanda aka buɗe cikin 1948, da gilashin Pyrex aka zuba shi, don buɗewarsa kamar sulusin ta gilashin taga ce. Cikin 1968 kamfanin Schott na Jamus ya fito da Zerodur, wanda kusan ba ya motsi sam. A yau kuma a kan saƙa bututu da wani irin zare da a ke samu daga sinadarin gawayi, ga rashin nauyi, ga rashin tsukewa. Sai dai duk waɗannan akwai tsada.

Na uku shi ne wanda talaka zai iya, watau yawan dubawa da gyarawa. Cikin 2005 wani Barashe mai sha'awar taurari, Pavel Bahtinov, ya fito da wata dabara mai sauƙi. Wani faifai ne mai tsage-tsage kashi uku, kowane kashi tsagoginsa sun fuskanci wani gefe dabam, har da kwali a na iya yanka shi. In an rufe bakin madubi da shi aka auna tauraro mai haske, sai tauraron ya fitar da layuka uku, biyu sun gitta juna, na uku ya ratsa tsakaninsu. In na ukun ya karkata dama ko hagu, saiti ya goce. Sai a murɗa ƙusa a hankali har ya zauna a tsakiya sosai, a ɗaure, a cire faifan. Ƙa'idar da masu aikin su ke bi ita ce, a rataye ma'aunin zafi a jikin bututu, duk sa'ad da ya sauka da digiri ɗaya ko biyu a sake dubawa. Masu hali kuwa su kan sa ɗan inji a jikin ƙusar, kwamfuta ta riƙa auna girman taurari a hoto, tana murɗawa gaba da baya har ta sami inda su ka fi ƙanƙanta, mai madubi na barcinsa.

Kada ku zaci waɗanda su ka kai madubansu sararin samaniya sun huta. Madubin Hubble, wanda aka harba cikin 1990, yana kewaya duniya sau ɗaya a kamar minti 95, yana shiga inuwarta yana fita rana. Kowane zagaye saitinsa ya kan ɗan matsa ya komo, har masu lura da shi su na kiran abin numfashi. Madubin James Webb kuwa, wanda aka harba ran 25 ga Disamba 2021, yana aiki cikin sanyin da ya kai wajen digiri 230 ƙasa da daskarewar ruwa. Tun a ƙasa aka lissafta yadda zai tsuke, aka goge ɓangarorinsa 18 yadda siffarsu ba za ta yi daidai ba sai sun sha wannan sanyi.

Wataƙila wani ya ce, mu ina ruwanmu da hoton taurari? Akwai ruwanmu, gama akwai wani hoto da dukanmu mu ke jira, shi ne na jinjirin wata. A nan Malesiya akwai wurare 29 da hukuma ta keɓe don duban wata, ɗaya daga ciki shi ne hasumiyar Kuala Lumpur, wadda a ke hangowa daga unguwar nan. A can a kan kafa madubai da kyamarori, sa'an nan Mai Riƙe da Hatimin Sarakuna ya yi sanarwa ta rediyo da talabijin, kamar yadda mu ke jiran sanarwar Mai Alfarma Sarkin Musulmi daga Sakkwato. Cikin 2021 Malesiya da Indonesiya da Burunai da Singafo su ka amince da wata ƙa'ida, cewa ba a sa ran ganin wata sai tsayinsa daga gefen sama ya kai daraja 3 a lokacin faɗuwar rana, nisansa da rana kuma ya kai daraja 6.4. Sama kuwa tana juya daraja ɗaya cikin minti 4. Watau jinjirin da ke daraja 3 bai fi kamar minti 12 ba zai faɗi.

Ku dubi yadda abubuwa su ka taru a wannan ɗan lokaci. An kafa madubi tun da la'asar, ya sha rana. Rana na faɗuwa ya shiga hucewa da sauri. Jinjirin wata kuwa siririn zare ne na haske a cikin sararin da bai gama duhu ba. Tauraro in saiti ya goce ya kan kumbura ne, amma a na ganinsa. Jinjiri kuwa in ya baje sai ya narke cikin hasken sama, kamar ɗigon nono a tulun ruwa. Sai mai duba ya ce bai ga kome ba, alhali watan yana tsakiyar madubinsa.

Wani kuskuren da a kan yi kuma shi ne, da ya ke babu taurari a lokacin, sai mutum ya yi saiti da wani dogon gini ko dutse. Maƙwabcina ya nuna mini wannan da hasumiyoyin Petronas, waɗanda nisansu daga gidansa bai fi kamar kilomita guda ba. A madubi mai mita guda, saitin abin da ke nisan kilomita 1 ya bambanta da na wata da milimita guda cur, fiye da silin gashi goma. Ko abin ya kai nisan kilomita 10, bambancin ya fi filin saiti. Saboda haka wanda ya yi saiti da Dutsen Dala ko hasumiyar Gobarau ya tafi neman jinjiri, ya yi aikin banza. Abin da ya kamata shi ne, a ajiye madubi cikin inuwa har rana ta faɗi. In Zara matar wata tana sama, ko Mushtari, a yi saiti da su, don su kan bayyana tun sama ba ta yi duhu ba. In babu su, a yi saiti da tauraro tun daren jiya, a sa alama a jikin ƙusa, a rubuta abin da ma'aunin zafi ya nuna, gobe a san ta inda za a fara.

Akwai gargaɗi guda wanda na ke roƙo ku riƙe, ku kuma gaya wa yara. Kada wani ya kuskura ya leƙa madubin hangen nesa, ko da ƙaramin nan ne na hannu, alhali yana fuskantar rana, ko da ta yi ja tana shirin faɗuwa. Ku tuna da gilashin nan da takarda. Abin da ya yi wa takarda shi zai yi wa ƙwayar ido, makantar da ya kan jawo kuwa ba ta warkewa.

Da za mu rabu a daren nan, malamin ya ɗora faifansa a bakin madubi, ya murɗa ƙusa bai fi motsin farce ba, duwatsun wata su ka sake fitowa tangaran. Ya ce mini tun yana koyarwa ya ke gaya wa almajiransa, madubi kamar garke ya ke, ba a kora shi daji da safe a ce an gama kiwo. Ina fata malaman kimiyya a makarantunmu, da 'yan kwamitin duban wata a garuruwanmu, za su sayi ma'aunin zafi su rataya a jikin madubansu, su riƙa dubansa kamar yadda su ke duban agogo.